Siƙ: Hanyar Da Nabatawa Suka Ƙwace Daga Hannun Ruwa

 Ga shirinmu na wannan mako a rubuce, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba, da kuma masu son karantawa a natse.

Idan aka ce mutum ya mutu a hamada, abin da zai fara zuwa ranku ƙishirwa ce, ko zafin rana, ko ɓatan hanya. To amma akwai wata mutuwar da ba a cika kawo ta a rai ba, wato ruwa ya ci mutum a tsakiyar ƙasar da ake kukan rashin ruwa. A ranar 8 ga Afrilun 1963 haka ta faru a kudancin ƙasar Jodan. Wata tawagar Faransawa masu ziyarar wuraren tarihi, tare da jagoransu, wani limamin coci kuma marubuci mai suna Jean Steinmann, suna cikin wani matsattsen lungun dutse da ke kai mutum tsohon birnin Petra, sai ambaliya ta biyo su ta baya. Mutum fiye da 20 suka rasu, har da shi Steinmann ɗin. Sunan wannan lungu Siƙ, kuma tarihinsa za mu bi yau. Domin abin da ya kashe mutanen nan, wasu mutane sun riga sun yi maganinsa tun kusan shekara 2,000 kafin ranar, sai dai maganin ya lalace ba a gyara ba.

Bari mu fara da irin wurin. A Hausa muna da kalmar kwazazzabo, amma wannan ya fi kwazazzabon da muka sani matsi nesa ba kusa ba. Ku ɗauki lungun tsohon gari, irin na cikin birnin Kano ko Zariya ko Damagaram, wanda idan mai kura ya shigo sai kowa ya manne da bango. To ku ɗaga bangayen nan biyu su yi tsawon bene mai hawa 20, su zama dutse zalla, ku bar faɗin yadda yake. Sama kuma ba ka ganinta sai kamar zare. Irin waɗannan lungunan suna da yawa a jihohin Yuta da Arizona na Amurka, akwai su a Jodan da Sina'i da Oman, a nan kusa da mu ma akwai kwazazzabai masu zurfi a duwatsun Ennedi na ƙasar Chadi. Yawancinsu a cikin dutsen da asalinsa yashi ne ya dunƙule suke, saboda shi ruwa yana iya yankarsa ƙasa-ƙasa ba tare da gefunan sun rufto ba.

Matasa masu son yawon ƙafa suna matuƙar son su. Ciki da sanyi ko da rana ta take, ga shiru, ga launukan dutse ja da ruwan goro da rawaya kamar an yi musu rini. Hoto kuwa ba a magana. Matsalar ita ce, wannan kyan duk aikin ruwa ne, kuma ruwan bai gama aikinsa ba. Ƙasar hamada ba ta shan ruwa yadda gona take sha, dutse ne da busasshiyar ƙasa, ba ciyawar da za ta riƙe shi. Idan hadari ya zuba a kan tudu mai faɗin kilomita da yawa, ruwan duk gangarowa yake, ƙananan hanyoyi su haɗu su zama babba, sannan a tura shi gaba ɗaya cikin wurin da faɗinsa bai wuce mita 3 ba. Ba shi da wurin bazuwa, sai ya yi sama. Kuma ba ruwa ne garai-garai ba, taɓo ne da duwatsu da itace. Masu shiga irin waɗannan wurare sukan ga kututture a maƙale can sama tsakanin bango da bango, inda hannu ba ya kaiwa. Ruwa ne ya ajiye shi a nan. Mutanen Agadas da na duwatsun Abzin sun san wannan ba a littafi ba, shi ya sa mai hankali ba ya shimfiɗa tabarma a cikin ƙori da damina, ko da sama tana tas a kansa.

To yanzu mu tafi Petra. Larabawa suna ce mata Al-Batra, masu ita kuwa Raƙmu suke kiranta. Tana cikin wani kwari da duwatsu suka kewaye, gabas da ita akwai tsaunukan Shara waɗanda tsayinsu ya haura mita 1,500, har dusar ƙanƙara takan sauka a kansu. Daga garin Wadi Musa kake gangarowa, ka wuce wasu manyan duwatsu da aka sassaƙe su kamar akwati, sai ka ga bangon dutse a gabanka da wata tsaga a jikinsa. Wannan tsagar ita ce Siƙ. Tsawonta kimanin kilomita 1.2, tana lanƙwasa kamar maciji, a wasu wurare faɗinta mita 3 kacal, bangayen kuma sun kai mita 80, wani wurin ma sun haura. Asalinta motsin ƙasa ne ya raba dutsen gida biyu, daga baya ruwa ya yi ta bi yana goge gefunan har suka yi sumul. Kana cikin tafiya ka fara tunanin ba ta da ƙarshe, sai ka hangi wani haske ja ta tsakanin bangayen, ka ƙara taku kaɗan, ga ka a gaban Al-Khazna, ginin nan da aka sassaƙa a jikin dutse, mai tsayin kusan mita 40. Ko ba ku san sunansa ba kun taɓa ganin hotonsa. Makiyayan yankin sun daɗe suna jin cewa Fir'auna ya ɓoye dukiya a cikin tulun da ke ƙolinsa, har yau akwai tabon harsasan da suka riƙa harba masa don ya fashe. Tulun kuwa dutse ne cur, ba komai a ciki. Masana sun fi karkata ga cewa kabarin sarki ne, da yawansu suna danganta shi da Sarki Harisu na 4, wanda ya yi mulki daga shekara ta 9 kafin Miladiyya zuwa ta 40 bayanta.

Su wane ne suka yi wannan aiki? Nabatawa, waɗanda Larabawa ke ce wa Al-Anbaɗ. Larabawa ne makiyaya, masu raƙuma da tumaki. Labarinsu na farko da ya zo a rubuce ya fito ne daga wani marubucin Girka mai suna Diodorus, yana ba da labarin shekara ta 312 kafin Miladiyya. A lokacin, in ji shi, ba sa gina gida, ba sa shuka, ba sa shan giya. Makaminsu babba shi ne sanin ruwa. Sukan haƙa manyan ramuka a ƙarƙashin ƙasa, ciki da faɗi baki ƙarami, su shafe su, ruwan sama ya cika su, sannan su rufe bakin su baje wurin yadda baƙo zai taka ya wuce bai sani ba. Idan abokan gaba suka taso, sai su shige hamada kawai. Su suna sha, mai bin su yana mutuwa. A waccan shekarar wani kwamandan Antigonus, ɗaya daga cikin magadan Iskandar mai girma, ya yi musu sammako lokacin da mazajen suka tafi cin kasuwa, ya kwashe turare da azurfa daga dutsen da suke fakewa. Nabatawa suka bi sawu, suka cim ma rundunar tana barci, suka kusa gamawa da ita.

Arzikinsu fatauci ne. Lubban da mur daga kudancin ƙasar Larabawa, wajen Yaman da Zufar, ake ɗoro su a raƙuma ana bi da su arewa zuwa tashar ruwan Gaza, daga nan su tsallaka Rum da Girka, inda ake ƙona su a wuraren bauta ana kuma haɗa magani da su. Bishiyar lubban ɗin nan 'yar uwar hano ce da muke da shi a dazukanmu. Nabatawa su ne madugai, su ne masu zango, su ne masu karɓar kuɗin fito. Duk wanda ya san tarihin ayarin Azbinawa da fataken Gwanja ya san cewa mai rijiya da mai zango ba sa asara. Da kuɗi ya taru, sai makiyayan da ba sa gina gida suka gina birni, ana ƙiyasin ya kai mutum 20,000 ko fiye. Wani birninsu na biyu shi ne Hijr, wato Mada'in Salih a Saudiyya ta yau, inda kaburburan da suka sassaƙa sun haura 100. Kuma ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye: rubutun Larabci daga rubutun Nabatawa ya samo asali. Kenan allon da ka wanke kana yaro, da ajamin da kakanka yake rubuta wasiƙa da shi, in ka bi salsalarsu sai ka ɓulla wajen mutanen nan.

Yanzu ga inda labarin yake da daɗi a wurina. Sun zaɓi wurin da ƙofarsa ta fi ta kowane birni tsaro, domin mutum kaɗan za su iya tare runduna a lungu mai faɗin mita 3. Amma ƙofar nan magudanar ruwa ce. Duk ruwan da ya sauka a kan tsaunukan da ke bayan Wadi Musa, hanyarsa ta asali ita ce ya bi ta cikin Siƙ ya faɗa tsakiyar gari. Ruwan da yankin yake samu a shekara bai wuce milimita 150 ba, kusan irin na Agadas, sai dai nasu da sanyi yake zuwa, tsakanin Nuwamba da Afrilu. Kaɗan ne, amma yakan zo a dunƙule, na wata guda ya sauka cikin sa'a biyu. Wato wata tara kana neman ruwa ido rufe, rana ɗaya kuma ya zo zai tafi da kai da raƙumanka.

Abin da suka yi shi ne, a daidai bakin Siƙ suka gina madatsa ta tare kwarin. Amma tarewa kaɗai ba ta isa ba, ruwa in ka hana shi hanya dole ka ba shi wata. Sai suka juya hannun dama suka huda dutse, suka yi rami mai tsawon mita 88, mai faɗi da tsayin da mota za ta shige ba ta taɓa ko'ina ba. Da guduma da kurfi fa, ba injin ba nakiya. Ruwan da ya taho da niyyar shiga Siƙ sai ya daki madatsar, ya karkata ya bi ramin, ya faɗa wani kwarin da ake kira Wadi Muzlim, ya zagaya bayan dutsen Khubsa, ya sauko ta wani gefen. Ban da wannan, ƙananan kwazazzaban da ke zubowa cikin Siƙ daga gefe, su ma an yi musu ƙananan madatsu a jere, kowace tana rage wa ruwan gudu, tana tare yashi. A kan tudu kuma an yi gandaye na dutse saboda ruwan ya tsaya ya shiga ƙasa tun bai taru ba.

Da suka kori ruwan hauka daga lungun, sai suka shigo da ruwan hankali. Idan ka je yau za ka ga wata kwata da aka sassaƙa a jikin bango, tana bin Siƙ tun daga baki har ƙarshe, a ɗaya bangon kuma akwai gurbin bututun yumɓu, guntu-guntu ana cusa bakin wannan cikin na wancan ana liƙewa. Ruwan marmaron Ain Musa ne ake jawowa daga nisan kilomitoci. Sun yi wa hanyar gangare daidai wa daida yadda ruwan zai tafi ba tare da ya fasa bututun ba, sun kuma yi ƙananan kwatarniyoyi a hanya inda laka za ta kwanta. Ƙasan lungun suka shimfiɗe shi da faffaɗan duwatsu, a bakin shiga suka ɗora wata doguwar baka daga bango zuwa bango, a jikin bangayen suka sassaƙa ƙananan alkuki na gumakansu. A tsakiyar birnin kuwa, masu haƙar tarihi sun gano a 1998 cewa wurin da aka daɗe ana zaton kasuwa ce ashe lambu ne da tafkin shaƙatawa, tsawonsa mita 43, faɗinsa 23, da ɗan gini a tsakiyar ruwan. Ku yi tunanin bafataken da ya yi wata biyu yana auna ruwan salkarsa da maƙogwaro, ya shigo ta wannan lungu yana jin ƙarar ruwa na gudu a gefensa, ya fito ya tarar da tafki. Ai ba sai an gaya masa wa ke da ƙarfi a ƙasar ba.

Sai dai irin wannan aiki ba a gama shi. Kowace shekara sai an kwashe yashin da ya taru a bayan madatsa, an liƙe bututun da ya tsage, an mayar da dutsen da ya zame. Yana buƙatar hukuma mai kuɗi da ma'aikata masu sani. A shekara ta 106 Miladiyya, bayan mutuwar sarkinsu na ƙarshe, Rabbel na 2, Rumawa a zamanin Trajan suka haɗe ƙasar da daularsu. Birnin bai mutu nan take ba, an ma ƙara gine-gine. Amma kasuwa ta riga ta fara sauya hanya. Jiragen ruwa sun koyi bin iskar teku suna kai turare Masar ta Bahar Maliya, ayarin tudu kuma ya koma arewa wajen Busra da Tadmur. Sannan a watan Mayun 363 girgizar ƙasa mai ƙarfi ta rusa babban ɓangaren birnin, ta lalata hanyoyin ruwan. Mutane sun ci gaba da zama, har coci-coci aka gina, a 1993 an tono takardu kimanin 140 na ƙarni na 6 a cikin ɗaya daga cikinsu, suna magana kan gado da gonaki da haraji. Amma garin yana ta ƙanƙancewa, madatsar ta bakin Siƙ ta rushe ba wanda ya tashe ta, ruwa ya dawo tsohuwar hanyarsa.

Shaidar hakan tana nan. A ƙarshen shekarun 1990 da aka kwashe tarin yashi da tsakuwar da ambaliya ta jibge a cikin Siƙ, sai ga tsohon daɓen dutse ya fito, ga kuma wani sassaƙe a jikin bango na raƙuma da masu jansu, sun fi girman mutum. Saman jikinsu duk ya goge. Abin da ya rage sosai shi ne ƙafafun raƙuman da ƙafafun mai jan akala da gefen rigarsa, saboda su ƙasa ta binne ta adana.

Daga nan sai labarin da littattafan Turawa suka fi so, na mutumin da suka ce shi ya gano Petra. Sunansa Johann Ludwig Burckhardt, ɗan ƙasar Suwizalan, an haife shi a 1784. Abin da zai ba ku mamaki, shi ba Petra ya fito nema ba, wajenmu ya nufo. Wata ƙungiya ce a Landan, da aka kafa a 1788 don binciken cikin Afirka, ta ɗauke shi aiki. Ita ce ta fara aiko Mungo Park, wanda daga baya a tafiyarsa ta biyu ya halaka a Bussa. Babbar tambayarsu ita ce Kogin Kwara, daga ina ya taso, ina kuma ya nufa. Shirin shi ne Burckhardt ya bi ayari daga Alƙahira ya ratsa Fezzan ya sauko ƙasashen Sudan. Sun san Bature da hular Bature ba zai kai ko'ina ba, don haka aka tura shi Halab a 1809 ya koyi Larabci. Ya yi fiye da shekara biyu yana karatu, har da Alƙur'ani da fiƙihu, ya tsayar da gemu, ya sa rawani, ya koma Shaihu Ibrahim bin Abdullahi.

A 1812 ya kama hanyar Alƙahira ta gabashin Tekun Gishiri. A hanya ya riƙa jin mutane suna zancen wasu kufai a cikin duwatsun Wadi Musa. Yana son gani, amma ya san baƙon da ya ce yana son kallon kango za a ɗauke shi mai neman dukiyar da aka binne, ko ɗan leƙen asiri, kuma shekara ɗaya kafin nan wani Bajamushe mai irin wannan yawo, Seetzen, ya rasa ransa a Yaman. Sai ya yi dabara. A kan wani tsauni da ke bayan kufan akwai wurin da mutanen yankin suke ɗauka kabarin Annabi Haruna ne, Alaihis Salam. Ya ce ya yi bakance zai yanka akuya a can. Wa zai hana mutum cika bakance? Ya ɗauki ɗan jagora a ƙauyen Elji, ladan da ya biya shi kuwa tsofaffin takalman doki ne guda biyu. Ranar 22 ga Agustan 1812 suka shiga Siƙ, ɗan jagora na ɗauke da akuya.

Ya ga bakar nan ta bakin lungu tana tsaye, domin sai a 1896 ta faɗi. Ya ga daɓen, ya ga kwatar ruwa, ya fito gaban Al-Khazna. Amma ba halin ya tsaya ya fito da takarda, sai satar kallo. Duk da haka ya kasa daurewa, yana ta leƙa wannan kabari yana shiga wancan, har ɗan jagoran ya tsargu, ya fito fili ya zarge shi da cewa dukiya ya zo nema. Rana ta yi ƙasa, ga gajiya, bai ma hau tsaunin ba, a gindinsa inda ake hango ƙubbar aka yanka akuyar suka juyo. Yini ɗaya kenan. A rubutunsa ya yi hasashen cewa wannan wuri shi ne Petra da tsofaffin marubuta suka ambata, kuma ya canka daidai. Ya wuce Masar, ya ga Abu Simbel a 1813, ya je Makka a 1814, ya dawo Alƙahira yana jiran ayarin Fezzan. Ayarin bai tashi da shi ba. Ciwon atuni ya kashe shi a watan Oktoban 1817 yana da shekara 32, aka binne shi a maƙabartar Musulmi ta Babun Nasr da sunan Shaihu Ibrahim. Ko musuluntarsa ta gaske ce ko ta tafiya ce, masana tarihi har yau suna ja-in-ja. Kwara dai bai taɓa ganinta ba.

Ni dai kalmar nan ta ganowa ba ta kwanta mini. Mutumin da ya biya ɗan gari lada ya nuna masa hanya, yaya za a ce shi ya gano? Da ɗan gari akan ci gari. Wurin bai taɓa ɓata wa masu shi ba. 'Yan Salibiyya sun gina ganuwa a kusa da shi a ƙarni na 12, Sarkin Masar Baibars ya ratsa ta cikinsa a 1276, makiyayan Bidul kuwa a cikin kogunan suke kwana da awakinsu har zuwa shekarun 1980, lokacin da hukuma ta mayar da su ƙauyen Ummu Saihun, wajen lokacin da UNESCO ta sa Petra cikin wuraren tarihi na duniya a 1985. Abin da Burckhardt ya yi na gaske shi ne ya buɗe wa baƙi ƙofa. Bayansa masu zane suka zo, irin su David Roberts a 1839, hotuna suka bazu a Turai, sai 'yan yawon buɗe ido. Kuma duk waɗannan baƙi, fiye da shekara 150, suna bi ta lungun da ba shi da madatsa. Makiyayi ya san watan da ba a shiga, ya san ya dubi gabas kafin ya kora awaki. Baƙon da ya biya kuɗin jirgi, aka ce masa yau ce ranar Petra gobe a wuce, shi jadawali yake bi.

Haka aka kai ga 1963. Bayan wannan musiba, a 1964 gwamnatin Jodan ta sake gina madatsar. A ina? A kan gurbin ta Nabatawa. Ruwan kuma ina aka tura shi? Cikin ramin nan dai mai mita 88, aka share shi ya koma bakin aikinsa. Injiniyoyin ƙarni na 20 sun duba ba su ga inda ya fi wanda mutanen farko suka zaɓa ba.

Kada ku ce wannan sakacin ƙasa mai tasowa ne. A Amurka, a ƙasar ƙabilar Navajo kusa da garin Page a Arizona, akwai lungun Antelope, wanda hotonsa ya cika fuskokin wayoyi da kwamfutoci. Sunan da Navajo suka ba sashensa na sama ma'anarsa wurin da ruwa ke bi ta cikin duwatsu, sun faɗi gaskiyar wurin tun a suna. Ranar 12 ga Agustan 1997 mutum 11 suka mutu a sashensa na ƙasa, 7 daga cikinsu Faransawa. A inda suke ruwa bai yi wani abin kirki ba, hadarin ya zuba ne a nisan fiye da kilomita 10. Tsanin katakon da ake sauka da shi ruwan ya tafi da shi. Ɗan jagoransu kaɗai ya fita da rai. Yanzu an kafe tsani na ƙarfe, an sa jiniya, kuma ba mai shiga sai da ɗan jagora mai izini. A Satumban 2015 ma mutum 7 suka rasu a wani lungun a gandun Zion da ke Yuta, kuma da igiyoyinsu da kayan aikinsu suka shiga.

A Jodan ɗin kanta, ranar 25 ga Oktoban 2018, ambaliya ta rutsa da 'yan makaranta da aka kai yawo wani kwari kusa da Tekun Gishiri, mutum 21 suka rasu, yawancinsu yara, har ministan ilimi da ministar yawon buɗe ido suka ajiye aiki. Mako biyu bayan haka ruwa ya sauko wa Petra. A wannan karon jiniya ta yi ƙara kafin ya iso, aka kwashe baƙi fiye da 3,000 zuwa kan tudu. A Disambar 2022 aka sake kwashe kimanin 1,700, wataƙila wasunku sun ga bidiyon a Facebook, ruwa ja yana zubowa daga saman duwatsu ta ko'ina. Garin Wadi Musa ya girma, an yi kwalta da siminti a inda da ƙasa take shan ruwa, gandayen Nabatawa na kan tudu da yawa sun zube, saboda haka ruwan da ke isowa bakin madatsa yanzu ya fi sauri. Shi ya sa a 'yan shekarun nan aka koma ana gyara wasu daga cikin tsofaffin ƙananan madatsun nan ɗaya bayan ɗaya.

Wani abu kuma, masu son yawon ƙafa da suka ga Siƙ ta cika da jama'a sun samo wata hanyar shiga Petra. Maimakon su miƙe, sai su karkata dama a bakin madatsa, su bi ta cikin ramin Nabatawa, su faɗa Wadi Muzlim. Can ƙasa lungun yana matsewa har ya koma kamar mita ɗaya, sai an dafa duwatsu ana durgowa, a ƙarshensa akwai alkukan gumaka da yawa a jikin bango. Waɗanda suka bi suna yabon kyansa ƙwarai. Amma ku tuna, nan ne aka tura duk ruwan da aka hana shiga Siƙ. Hukumar wurin ba ta yarda a bi shi ba ɗan jagora, kuma idan akwai alamar hadari a kan tsaunukan Shara, rufe shi ake yi.

Nan za mu dakata a wannan mako. Wanda yake da tambaya ko gyara ya ajiye mana a ƙasa, za mu duba kafin shiri na gaba in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.